Jummai, 'Yar Aiken Goggo Dudu

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a gidanmu na unguwar Gwadabawa a Jimeta ya san Goggo Dudu ba ta amsa gaisuwar kowa da safe sai ta gama faɗa da wayarta. Za ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta buɗe kwanon shan nan mai murfi, ta fito da wayar a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta warware ta a hankali, sannan ta dungure ta da yatsa.

"Ke Jummai! Tashi! Rana ta fito kina barci, wa ya aje ki?"

In wayar ta yi jinkirin kawo haske sai ta juyo ta harare ni, kamar ni na ɓata tarbiyyarta. "Kin gani ko, Biba? Halinku ɗaya."

E, Jummai sunan wayar. Ran Juma'a aka saye ta, Goggo kuwa ta ce ba za ta zauna ɗaki ɗaya da abin da ke magana ba shi da suna ba.

Kun ce tunda an yi addu'ar arba'in in rubuto wani abu a kanta a guruf ɗinmu na zumunci, don ni ce 'yar ƙaninta da ta riƙa tun ina rarrafe, ni ce kuma na yi mata jiran rumfar ganye a kasuwar Jimeta har na yi aure na dawo. To ga shi. Baffa Sali, kana ciki, ka yi haƙuri tun yanzu, ba zan cire ka ba.

Yaran da ke rataya a wuyan iyayensu mata suna kiransu Momi sai an yi musu bayani. Goggo 'yar tsohuwar Yola ce, fulako a jininta yake. Hamma Buba shi ne ɗanta na fari, kuma mace irinta ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun daga yaye aka kai shi wurin kakarsa. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A ce wa wancan an gode." In babu kowa a tsakar gida fa? Sai ta gaya wa kaza. Wallahi da idona na gani, ta dubi wata kaza mai 'ya'ya ta ce, "A tambayi wancan ya hanya."

Muna dariya, shi ma yana tayawa. Amma wata rana da na raka shi bakin titi, da furfurarsa a gemu, ya ce min, "Biba, ni fa burina ɗaya ne. Kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu, in ji ta yi magana da ni. Ni, ba kaza ba." Ya yi dariya, ni kuwa ban iya yi ba, don na ga idonsa.

A lokacin Goggo ba ta son ko ganin babbar waya. Madubin marasa aikin yi take ce mata. 'Yar ƙaramarta mai tocila ta ishe ta, ita ma ɗin ta fi amfani da tocilar.

Sai shekarar da masu bindiga suka shiga Mubi. Kun tuna yadda mutane suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa, gidanmu ya cika har zaure. Hamma yana da shagon hatsi a can. Matarsa da yara suka iso, shi shiru. Layinsa ba ya shiga, babu wanda ya ce ya gan shi. A Jimeta ma mutane suka fara ƙulle kaya, tasha ta cika maƙil. Baffa Sali, ƙanin Goggo, ya zo da mota har ƙofar gida wai ta shiga a kai ta Gombe.

"In je Gombe in yi me?" in ji ta. "Alayyahuna yana bakin tafkin Njuwa. Wa zai ba shi ruwa, su masu bindigar?"

"Adda, ana maganar rai kina maganar alayyahu!"

"Kai ka tafi da naka ran. Akwai masu zuwa gidan nan, ba za su tarar da kwaɗo a ƙofa ba."

Ba ta ce wa take jira ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kullum sai ta hau keke Napep ta je kasuwa ta buɗe rumfa, ko da layin namu bai fi mutum nawa ba.

Mun je sansanin 'yan gudun hijira cigiya. Wani matashi mai duba sunaye ya ce, "Mama, ya sunan ɗan naki?" Goggo ta ɗaga kai tana kallon rufin kwano. Ya maimaita da ƙarfi, ya ɗauka ba ta ji. Ta ce, "Tambayi wannan," ta nuna ni da haɓa. Ya ce ai gara uwa ta faɗa da bakinta. Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai yaro, a gidanku ba a koya maka komai ba ne?" Ni na faɗi sunan, raina a ɓace. A hanya na ce, "Haba Goggo, har a irin wannan rana?" Ta ce, "Irin wannan ranar ce ma ake riƙe hali."

Maƙwabciyarmu a kasuwa ita ce Maman Nkechi, mai sayar da kayan roba, wadda ta fi wasunku daɗewa a Jimeta. Ita ma ta ƙi tafiya. Ita ta ɗauki hoton Hamma da babbar wayarta ta jefa a guruf ɗin 'yan kasuwa. Goggo ta taɓe baki.

"Hoto zai yi tafiya ba ƙafa?"

"Goggo, ka bari kawai," in ji Maman Nkechi da Hausarta. "Wannan waya yana zuwa inda mota ba ya zuwa."

Aka kwana biyu. Wata rana da la'asar sai ga Maman Nkechi a guje, ɗankwali a hannu, tana ture bokitanta. "Goggo! Ɗanka ya yi magana! Na him, shi ne, wallahi na him!" Ta danna. Sai ga muryar Hamma a dishe, yana cewa yana cikin Kamaru, ƙafafunsa sun kumbura amma yana raye, wani direba ne ya gane shi a hoto. Layin kasuwa ya ɗauki guɗa, ni na zauna a ƙasa ina kuka. Goggo fa? Ta ba mu baya tana ƙulla yakuwa.

"To, an ji. A rage surutu, kuna korar min masu saye."

Amma ina kallonta, yakuwar da take ƙullawa cikin kwandon kuɓewa take jefa ta. Can da mutane suka watse sai ta yi gyaran murya. "Maman Nkechi, abin nan naki yana maimaita magana? Ba don komai ba, sunan garin ne ban ji da kyau ba." Sunan garin nan Goggo ba ta ji shi da kyau ba har cajin wayar ya mutu.

Juma'ar da ta biyo ta ja ni shagon masu waya. Ta yi ciniki har mai shagon ya cire hula yana fifita da ita. Haka Jummai ta shigo gidanmu.

Hamma ya dawo, ya tarar shagonsa ya zama toka, ya tattara ya tafi Fatakwal sayar da albasa. Na nuna wa Goggo inda ake dannawa a riƙe a yi magana. Ta ce, "In yi magana da wa?" Na ce da Hamma mana. Ta ture wayar kamar na miƙa mata garwashi. Kwana biyu tana zagaye ta. A na uku sai na jiyo ta daga madafa:

"Ke Jummai, ki je Fatakwal. Ki ce wa wancan an ce ruwa ya yi yawa a can, a riƙa sa rigar sanyi. Ki ce a rage yaji. Kar ki tsaya hira a hanya."

Tabɗi! Ashe ta samo wadda za ta gaji kaza. Hamma kuwa ya gane wasan, ya maido: "Jummai, ki ce mata an ji, an gode, za a rage." Shekara da shekaru a haka suke, uwa da ɗa, da 'yar aike a tsakani.

Goggo ba ta karanta boko, amma alamomin nan ta fi ni saninsu. In ɗan agogo ya fito a gefen saƙo, Jummai ba ta fita daga gida ba. Maki ɗaya, ta kama hanya. Biyu, ta isa. In suka yi shuɗi, ya ji. In ya ji bai amsa ba sai ta ce, "Halin ubansa." In kuwa sabis ya ɗauke, agogon ya ƙi tafiya, to ranar kowa ya shiga uku. Ta ɗaga wayar sama, ta ɗora ta kan katanga, ta rataye ta a reshen mangwaro cikin leda, tana yi tana zagi. "Fatakwal ɗin ce ba ki sani ba? Jiya ba ke kika je ba?" Data kuwa abincin Jummai take ce mata, kuma tana gama aike take rufewa kamar famfo. "Kin fi akuya ci, ba ki ba da nono."

Sau ɗaya Hamma ya gwada sa'arsa, ya kira kiran bidiyo. Goggo ta shafa ba ta sani ba, sai ga fuskarsa ta cika wayar yana murmushi. Innalillahi! Ta kifa wayar a tabarma, ta kifa kwano a kai, ta ɗora turmin daka yaji a kan kwanon, ta ja mayafi har hanci. Muryarsa tana fitowa daga ƙarƙashi, "Salamu alaikum? Salamu alaikum?" Ita kuwa Jummai take wa masifa. "Aike na ce ki yi, wa ya ce ki ɗauko shi ki kawo min har ɗaki?" Jummai ta wuni a ƙarƙashin turmi, horo ne.

Yanzu Baffa Sali, ga naka. Tun da ka yi ritaya babu abin da ya taɓa shigowa wayarka ya kwana bai fito guruf ba. Maganin da ke warkar da ciwo duka, aljanin da aka kama a gada, saƙon da in ba a tura wa mutum goma ba za a ga ba daidai ba. Wata safiya ka turo cewa masu bindiga sun iso bakin gari, kowa ya gudu, har da hoto. Yara suka fara kuka, ashe hoton ma ba na ƙasar nan ba ne. Goggo tana tsinke zogale, waya a cinyarta, yatsanta ya danne wurin magana ba ta lura ba.

"Sali ne ya faɗa? To ku zauna. Sali da tun yana yaro ƙadangare ya koro shi daga banɗaki ba wando, yana ihu wai kada!"

Ta ɗaga yatsa. Maki ɗaya. Biyu. Dangi tun daga Yola har Kano. Na dafe kai na ce, "Goggo, ya shiga guruf! Kawo maza, akwai yadda ake goge wa kowa."

"A goge? Ƙarya na yi?"

"Ba ƙarya ba ce, amma girmansa fa."

"Abin da na faɗa a bayansa a gabansa ma zan faɗa. Miƙo ta." Na ɗauka haƙuri za ta ba da. Ta danna da gangan, ta gyara zama. "Jummai, na manta. Ki ce ƙadangaren ma jariri ne."

Baffa ya fita daga guruf, ya yi sati yana fushi, ya dawo da kansa. Amma ku shaida ne, tun daga ranar bai ƙara turo mana labarin gudu ba.

Sau ɗaya na ga Goggo ta sauko daga kan bakanta, shi ma sai da ta karɓi fansa. Aka ce duk wanda bai sabunta rajistar layinsa ba za a rufe. Muka je wurin mai yi a bakin kasuwa, wani saurayi da manhaja a wayarsa. Ya saita ta a fuskarta ya ce, "Mama, kalli nan. Yauwa. Ƙifta ido."

"In yi me?"

"Ƙifta ido, Mama. Sai ki juya kai, sai ki buɗe baki."

"In ƙifta maka ido? Da tsufana? A tsakiyar kasuwa?" Ta miƙe ta gyara mayafi. "Marigayi ma da ya biya sadakina bai ga wannan ba. Su rufe!"

A cikin keke na ce, "Shi ke nan, su rufe. Amma fa Jummai ta daina zuwa Fatakwal." Washegari ta ci ado da mayafinta na zuwa biki, ta ce a kira yaron, amma a cikin shagon Maman Nkechi, kuma a kare ƙofa da zani. Ni da Maman Nkechi muka riƙe zanin. Ta ƙifta, ta juya, ta buɗe baki. Sabis ya ɗauke. A sake. Ta sake, manhajar ta ce babu haske. A sake. Maman Nkechi tana cizon zani don kar dariya ta fito. Da ƙyar abin ya karɓa. Goggo ta fito tana huci, ta tsaya a gaban saurayin.

"Ka gaya wa masu kamfanin nan, sun sa na ƙifta musu ido, sun leƙa cikin bakina. Sai su turo magabatansu."

Ciwonta na ƙarshe bai ja ba. A ranar, da hantsi, na shiga na tarar ta ɗan ji sauƙi, har ta jingina da bango. Ta ce, "Biba, Jummai tana da abinci?"

"Ya ƙare tun jiya. Bari in sa mata."

"Bar ta da yunwarta. Miƙo min ita haka. Ke kuma je ki dama min kunu."

Na ɗauka tsumulmular ce ta motsa, har na tsokane ta, ta harare ni. Daga madafa ina jin ƙus-ƙus ɗinta ban kula ba, ai kullum ne. Da na dawo Jummai tana naɗe a ɗankwali cikin kwanonta. Kunun ma ta ɗan kurɓa. Bayan azahar Allah ya karɓi abarsa.

Baffa Sali ya ce kar mace ta kira Hamma tana kuka, shi babba zai gaya masa. Ya yi ta kira, layin yana cewa ba a samun mai lambar. Ni kuma na tuna lambobin ƙawayenta na kasuwa da masu lambun Njuwa duk suna cikin Jummai, kuma za su so su samu jana'iza. Na warware ta, na sa mata data. Ina buɗewa na ga saƙo a wurin Hamma da ɗan agogo a gefe. A gaban idona agogon ya ɓace. Maki ɗaya, biyu, suka yi shuɗi.

Ban gama fahimta ba Jummai ta ɗauki ƙara. Hamma ne, yana dariya yana kuka, hayaniyar kasuwar albasa a bayansa.

"Biba! Kin ji? Kin ji abin da ta ce? Ba ni ita! Ko ba za ta amsa ba, sa mata a kunne!"

Na ce, "Hamma." Sai ya jiyo koke-koken mata a tsakar gida. Can ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Wallahi ban taɓa jin zafin wani abu kamar wannan kiran ba.

Sai da aka dawo daga maƙabarta na iya saurara. Ya ba ni izini in gaya muku. Muryarta ce a hankali, tana numfashi da ƙyar:

"Ke Jummai, matsa gefe. Yau ba aikenki zan yi ba." Sannan ta ce, "Buba. Kai nake wa magana. Ka ci abinci? Lokacin da ka ɓata, ni ma ban ci ba. Duk abin da ka ji na gaya wa kaza, kai na gaya wa. Ban taɓa jin haushinka ba, kai ma ka yafe min. Allah ya yi maka albarka, Buba. Ka rage yaji." Sai ta ja numfashi. "To Jummai, tashi ki kai. Ba sauri."

Da Hamma ya iso ya zauna a bakin ƙofarta, inda ya saba durƙusawa. Ya ce, "Biba, ta san babu data?"

Na ce, "Ta sani. Ita ta hana ni sawa."

Ya kalli kwanon, hawaye yana bin gemunsa, sai kuma ya fashe da dariya. "Kin ga tsohuwar nan? Ta ba ni abin da na roƙa, kuma tana raye ban ji ba. Ba ta karya ba, Biba. Har ta tafi ba ta karya ba."

Jummai tana nan a kwanonta. Fuskarta ta tsage, cajinta ba ya kai azahar, kullum manhajar tana min barazanar in ban sabunta ba za ta daina aiki. Baffa ya ce a ba da ita sadaka, yara sun ce a canza sabuwa. Ba zan bayar ba, ba zan canza ba, kowa ya ji da kyau. Da safe nakan warware ta in dungure ta in ce ta tashi, in ta yi nawa in yi mata faɗa, don wani ya kamata ya yi.

Allah ya jiƙan Goggo Dudu, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. Ya ba Hamma haƙuri. Ya haɗa su a Aljanna, a inuwa ɗaya, ta dube shi ido da ido ta kira sunansa ba ɗan aike. Amin.